Gidan da Yaya Asabe Ta Bari Don Ya Tsaya

Da daminar bana yayata Asabe ta cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Ba mantuwa ba ce. Gajiya ce, irin wadda ke kama mutum idan ya san labarin da zai bayar babu wanda ya ci nasara a cikinsa. Bana ma da shiru zan yi, ba don ta'aziyya ta kai ni Bebeji makon jiya ba. Da aka shafa fatiha aka watse, sai na tsinci kaina a ƙofar gidan da aka haife mu.

Gidan Madugu ake ce masa. Yanzu gidan tarihi ne, da allo a ƙofa, ana kawo 'yan makaranta su ga yadda mutanen da suke gini. Kakanmu ne ya gina shi, uban mahaifinmu, a zamanin da yake jagorantar ayarin fataken goro. Ban riske shi ba, amma na riski ginin. Zauren kaɗai ya isa a tsaya kallo. Bakuna ne na ƙasa suka taso daga jikin bango ta kowace kusurwa, suka lanƙwasa suka haɗu a tsakiyar rufin, aka kafa 'yar tasar tagulla a mahaɗarsu. Magina suna ce wa wannan ɗaurin guga. Kaurin bangon ya kai a ce mutum ya kwanta a kan taga. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kana shiga zauren sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa. Daga gabas kuma akwai soron bene, wanda Madugu ya gina wa kansa, da zankwayensa a sama kamar kunnuwan zomo. Ana hango su tun daga bakin kasuwa.

Mu uku Baba ya bari. Yaya Asabe ce babba, sai Yaya Inuwa, sai ni Haruna, auta. An kai ta aure Tudun Wada tun ina ƙarami. Ta haifi biyu, duka suka koma tun ba su yi wayo ba, daga baya mijin ma ya rasu. Sai ta dawo gida, ba ta sake aure ba. Doguwar mace ce marar yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Daddawa take yi, kuma duk unguwar an san tata. Ita ta yi jinyar Inna, ita ta yi ta Baba. Ni aikin malamin gona ya kai ni Kiru na yi gida a can. Yaya Inuwa yana sashensa da iyalinsa, noma ya sha masa kai. Gidan kuwa, in ana maganar wanda ke riƙe da shi, ita ce.

Ginin ƙasa ba ya son a juya masa baya. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an share indararo, an yi sabon yaɓe. Yaya Asabe ce ke tuna wa kowa. Ɓawon ɗorawar da take samu wajen masu kawo mata kalwa ba ta zubarwa, tara shi take a buhuna, a jiƙa a yi makuba, wadda ake shafa wa bango don ruwa ya zame. Ita ke aika wa magina, ita ke dafa tuwon gayya, ita ke tsayawa a tsakar gida da hannu a goshi tana cewa ga wani wuri can an tsallake. Ban taɓa jin ta ce gidan yana da kyau ba. Abin da take cewa kullum shi ne yana da aiki.

Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru, maganar gado ta taso. Ina so mai karatu ya fahimci wani abu tun yanzu: Yaya Inuwa ba mugu ba ne. 'Ya'yansa maza sun isa aure, ba su da inda za su sa mata, ga kuma zaure da soraye sun cinye fili babu mai kwana a ciki. Ra'ayinsa shi ne a raba, kowa ya san nasa, shi ya rushe ɓangarensa ya yi ɗakunan bulo. Haƙƙinsa ne, babu malamin da zai ce masa a'a. Amma kowa ya san in aka ja igiya ta tsakiyar gidan nan, zauren ne zai fara tafiya, don shi ke fuskantar titi.

A daidai lokacin ne wani ɗan baffanmu da ke aiki a birni ya kawo wasu mutane, suka zagaya, suka ɗauki hotuna, suka yi ta ɗaga kai suna girgiza shi. Suka ce irin wannan gini ya kusa ƙarewa a ƙasar nan. In iyali za su yarda su bayar da shi waƙafi, akwai ƙungiyar 'yan garin mazauna birni da za ta ɗauki nauyin gyara, a mayar da shi gidan tarihi. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba mai zama a ciki, ba mai hura wuta.

Muka zauna a zaure bayan la'asar, da liman da dattawan unguwa. Yaya Asabe tana daga ciki, a bakin ƙofar da ke shiga tsakar gida, ba a ganinta sai gefen zanenta. Yaya Inuwa ya yi magana a hankali, ba faɗa.

"Ni ba na ƙin gidan ubana," ya ce. "Amma gida na mutane ne. Yarana su kwana a shago, baƙi su zo su kalli bango? Ku gaya mini inda zan kai su, in sa hannu yanzu."

Ni dai bayar da rabona bai rage ni da komai ba, ina da inda nake kwana. Sai muka ji muryarta.

"Inuwa, gonar bakin gari da ta faɗo a rabona, ai gari ya riga ya cim mata. Ka ɗauka. Ka gina wa yaran a can, kai ma ka koma."

Liman ya gyara zama. "Asabe, kin san abin da kike faɗa? In kin ba da gona kin ba da gida, me ya rage miki?"

"Na sani, Malam."

Na juya na ce, "Yaya, ke fa ina za ki?"

"Kai ba ka da ɗaki a Kiru?"

Shi ke nan maganar ta ƙare. Yaya Inuwa ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce ya karɓa. Wasu a unguwa sun ce bai kyauta ba da ya karɓi gonar mace marar miji marar ɗa. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Ba mu yi faɗa ba, ba mu daina gaisawa ba, amma daga ranar zumuncinmu ya koma na sallah da jana'iza.

Ranar tashi, a-kori-kura guda ta kwashe duk abin da ta mallaka: gado, akwati, tukwanen daddawa, da turmi. Muna jiranta a waje direba yana ta danna ham, ita kuwa tana ciki tana shara. Sai da ta share tsakar gidan tas, ta kwashe tokar murhu, ta zuba masa ruwa, sannan ta fito ta shiga gaba ba ta waiwaya ba.

A Kiru na ba ta ɗakin da ya fi kowanne, bulo da rufin kwano, da silin har da fanka. Matata Hadiza ta riƙe ta kamar uwa, yarana suka saba da ita har ba sa cin tuwo sai a kwanonta. Ba ta taɓa kuka da komai ba. Amma da bazara sai ka same ta da rana tsaka a gindin darbejiya, ta jiƙa zane ta ɗora a ka. Da damina kuwa, in ruwa ya sauko a kan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, sai ta toshe kunne da hannu biyu. Wata rana da aka ɗauke ta ce mini, "A gida ruwa ba ya surutu haka. Sai dai ka ji ƙamshinsa." Duk wanda ya zo daga Bebeji, bayan gaisuwa tambayarta guda ce, ko an share indararo bana. Yawanci ba su sani ba, sai su ce an share.

Shekaru suka tafi ba ta nemi komawa ba. Ko biki ne ya kai mu garin, sai ta sa a bi da ita ta wata hanya. Sai wata safiya, lokacin gwiwa ta fara hana ta sakat, ta kira ni ta ce, "Haruna, ka kai ni in ga abin da suka yi."

Muka hau bas muka biyo ta garin Ƙofa. A hanya carbi kawai take ja. Da muka isa, ta tsaya a ƙofar gidan ta cire takalmi, ta yi sallama kamar akwai wanda zai amsa daga ciki. Aka kuwa amsa. Wata matashiyar mata ce, Malama Saude, wadda aka ɗauka tana yi wa baƙi bayani. Ba 'yar unguwar ba ce, ba ta san mu ba. Na buɗe baki zan gabatar da mu, sai Yaya ta matse mini hannu. Aka haɗa mu da wasu 'yan mata 'yan sakandare da malamarsu ta kawo daga Doguwa, muka bi bayansu kamar kowane baƙo.

Gaskiya a lokacin an yi aiki. An yi sabon daɓe, an shafe bango da farar ƙasa, an fito da zanen da ke saman ƙofofi wanda ni kaina na manta da shi. Malama Saude ta iya bayani. Ta faɗi yadda ake murza tubali da hannu a shanya, yadda ake jera azara ta giginya a ɗaure ta kafin a lulluɓe da ƙasa har ta zama baka. Ta ambaci Madugu, ta ambaci maginin da aka ɗauko masa daga birni. 'Yan matan suna rubutawa. Yaya tana gyaɗa kai kamar yau ta fara ji.

Ɗakinta an ɗaura igiya a ƙofarsa. An jera kwanuka da tasoshi har rufi, an sa gadon ƙarfe mai rumfa, an rubuta cewa ɗakin amaryar da ke nan. Babu ko cokali nata a ciki. Ta leƙa ta daɗe, sannan ta matso kusa da kunnena ta ce, "Da sun ji warin daddawar da ɗakin nan ya sha, da ba su kawo amarya ba." Ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. A madafi ne dariyar ta ɗauke. An jera tukwane a kan murhu, an sa itace a ƙarƙashi yadda ya kamata, amma itacen bai taɓa ganin wuta ba. Ta tsaya tana kallo har sai da na taɓa ta.

Sai Malama Saude ta tafa hannu ta ce, "To, yanzu sai bene. A hau a hankali, matakalar tana da ƙunci."

'Yan matan suka ruga. Yaya ta tsaya cak.

"Har mata?" ta ce.

"Har mata, Inna. Kowa yana hawa."

A nan ne wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa tunaninsa ba. Benen nan ɗakin zaman Madugu ne, bayansa ya zama na Baba. Can yake ganawa da manyan baƙi, can yake karatu, makullin yana aljihunsa. Mu maza ana aikenmu mu share, mu kai buta, na hau ya fi a ƙirga. Mata kuwa ba sa hawa. Ba wanda ya taɓa kafa doka da baki, haka aka taso aka gani. Bayan rasuwar Baba makullin ya koma hannun Yaya Inuwa, aka rufe. Matar da ta san kowace tsaga a jikin gidan nan, wadda ta ciyar da duk maginin da ya taɓa hawa rufinsa, ba ta taɓa taka benen ba.

"Za ki iya, Yaya?" na tambaye ta.

"In ka riƙe ni."

Mun daɗe a matakalar nan. Ta ƙasa ce, ta lotse a tsakiya saboda sawun shekaru, ga duhu ga lanƙwasa. Ina gaba ina jan hannunta, ɗaya hannun tana dafa bango. Ta huta a tsakiya tana haki, na ce mu koma, ta ce in yi mata shiru. Da muka kai sama, 'yan matan sun gama kallo suna shirin sauka, suka raɓe suka ba ta hanya.

Ɗakin ba shi da girma, amma duk gidan babu inda aka zuba gwaninta kamar nan. An jera azarar rufin gajeru gajeru, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. Bakunan an shafe su da shuɗi da ja. Ta ɗaga kai ta yi ta juyawa a hankali, bakinta a buɗe, tana cewa ikon Allah. Sannan ta je ga 'yar tagar da ke kallon cikin gida. Sai da ta sunkuya saboda tsawonta.

Daga nan ana ganin komai: madafi, rijiya, bishiyar lemun tsami, ƙofar ɗakinta, gurbin da turminta ya bari a ƙasa.

"Haruna," ta ce, ba ta juyo ba. "Wannan ɗan wurin ne?"

"Wane wuri, Yaya?"

"Tsakar gidan. Ina tsammanin ta fi haka girma."

A wannan ɗan filin ta yi ƙuruciya, nan ta dawo da takaba, nan ta yi daka da shanya da jinya har gashinta ya yi fari. Daga sama bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. Na sha juya maganar nan a raina, ko nadama ce ko mamaki kawai. Har yau ban yanke ba. Ta ci gaba da kallo, sai can ta ce, "Ashe Baba yana ganina duk ranar da na zauna ban yi shara ba." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da mayafi.

Kafin mu sauko labari ya bazu a unguwa cewa Gwaggo Asabe ta zo. Muka tarar da mata cike da tsakar gida, wasu da goyo wasu da garin tuwo a hannu. Malama Saude ta gane ko wace ce, ta durƙusa har ƙasa tana ba da haƙuri, ta ce ta yi ta surutu a gaban mai gida. Yaya ta ɗago ta ta ce, "Kin iya bayani, 'yata. Ni ma yau na ƙaru." Ba ta sake neman a kawo ta ba. Damina biyu bayan haka ta rasu a ɗakinta na Kiru, da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Can muka binne ta.

To, makon jiya na koma, ni kaɗai.

Da ma ban shiga ba, na ce a raina, da na tsaya a inda zankwaye ke kyau daga nesa. Wani mai son alheri ya sa an shafe fuskar gidan da siminti an yi fenti. Simintin ya ƙi kama ƙasa, ruwa ya shiga tsakani, yanzu yana ɓarewa falle falle yana tafiya da naman bango. Sashen mata na yamma rufinsa ya rufta daminar bara, har da ɗakin da aka yi wa jeren amarya, an lulluɓe da tamfal an danne da duwatsu. Benen an rufe shi, wata tsaga ta taso daga tushe har taga. Mutanen ƙungiyar da suka yi alkawari, waɗanda suka fi zafi a cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran sun tsufa kamar ni. Ba na zargin kowa. Na zauna a irin waɗannan tarurruka, na san yadda ake farawa da zafi a ƙare da mutum uku da ruwan leda.

Baƙi dai suna zuwa. Na tarar da wani ango da amaryarsa a zaure, mai hoto yana juya su, yana cewa ta ɗaga haɓa ta kalli tasar da ke sama. Wasu samari suna ɗaukar kansu a waya, ɗaya yana ta cewa a kiyaye al'ada, yana jingine da bangon da ke zubar da ƙasa a kafaɗarsa. Ban ji haushinsu ba. Sun ga abu mai kyau sun so shi, iyakar abin da aka koya musu ke nan.

Na tambayi kaina me Yaya za ta ce in ta ga wannan. Na san ba za ta yi dogon jawabi ba. Za ta tambaya wa ke dafa tuwon gayya, sai in ce mata an daina gayya. Za ta ce a kira magina, sai in ce mata waɗanda suka iya ɗaurin guga sun mutu ko hannunsu na rawa, 'ya'yansu bulo suke ɗorawa, kuma ba laifinsu ba ne, abin da ake nema ke nan. Za ta ce a nemo azara, in ce giginyun da muka sani a fadama an sare. Ɗorawar ma da take samun ɓawonta, da yawa sun zama gawayi. Daga nan ban san me za ta ce ba. Watakila ta nemi tsintsiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da ba na son yi: shin ta yi asara ne? Ta ba da gona, ta ba da ɗaki, ta ƙare kwanakinta a ƙarƙashin kwanon da ke hana ta barci, don ginin da ga shi yana komawa ƙasa a hankali. Da an raba tun farko, da aƙalla ta mutu a unguwarsu, maƙwabtan da suka san ta tun tana yarinya su yi mata wanka.

Ina cikin wannan tunani Malama Saude ta fito. Tana nan har yanzu, ta yi ƙiba, ta yi 'ya'ya, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka fara da su. Ta gane ni nan take. Bayan mun gaisa ta ce, "Baba, ai yayanka yana ciki." Na ce wane yaya? Ta nuna mini soro na biyu.

Yaya Inuwa ne zaune a kan buzu, ya jingina da bango, sandarsa a gefe. Rabona da shi tun jana'izar wata gwaggonmu. Ya rame, idanunsa sun yi fari, yanar ido ce ta rufe su. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama hannuna ya shafa har gwiwar hannu.

"Haruna ne? Ka tsufa. Na ji a muryarka."

"Yaya, me kake yi a nan?"

"Zafi. Gidan da na gina ba ya zaunuwa da rana. Kullum jikoki suna rako ni nan, in an yi la'asar su zo su ɗauke ni."

Sannan, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Na san abin da ke ranka tun shekarun nan. Ni kuwa har gobe ina nan a kan bakana. Da an raba, da yanzu akwai yara suna kuka a wurin nan, akwai hayaƙi. Dubi yadda ya zama. Gidan da ba a kwana a ciki, me ake jira da shi?"

Tamfal ɗin yana kaɗawa a bayanmu.

"Amma ita Yaya Asabe ta fi mu," ya ce. "Ni da kai duka. Ni na san abin da nake so na karɓa, kai ka ba da abin da ba ka bukata. Ita kaɗai ce abin ya ci."

Da na fito zan tafi, Malama Saude ta rako ni ƙofa. Ta rage murya ta ce, "Baba, ka san ba ya barin baƙo ya wuce? Ina gama bayanin Madugu da magini, sai ya buga sanda ya ce saura. Ya ce akwai wata mata Asabe, mai daddawa, ba don ita ba da shaguna za ku tarar a nan. Wani lokaci baƙi suna sauri, amma sai sun tsaya sun ji. Yanzu ni ma na saba, ko ba ya nan ina faɗa."

Na tsaya a bakin titi ina kallon allon ƙofar. Sunan Madugu ne a jiki, da na waɗanda suka buɗe gidan. Nata babu, kuma na san da an tambaye ta cewa za ta yi a bar shi haka. Bangon yamma ba na jin zai ga damina biyu nan gaba. Benen, in Allah bai kawo wani mai ƙarfi da niyya ba, zai bi shi. Na daina yi wa kaina alkawarin cewa za a gyara, shekaruna sun wuce na irin wannan alkawari. Abin da ta saya wa gidan da duk abin da ta mallaka shi ne 'yan shekaru, ba dawwama ba. A cikin shekarun nan yara da yawa daga Doguwa da Tudun Wada da Kiru sun shiga zauren nan sun ɗaga kai, sun ga abin da kakanninsu suka iya yi da ƙasa da ruwa da hannu. Ko wannan ya kai farashin da ta biya, ban sani ba. Ita ba ta taɓa tambaya ba.

Abin da na tabbata ya rage shi ne sunanta a bakin mutumin da ya fi kowa ja da ita, yana faɗa wa baƙin da ba su san ta ba, kullum, ba wanda ya sa shi.

Na riga na tsayar da mai achaɓa zai kai ni tasha, har na ɗaga ƙafa zan hau, sai ga wata jikar Yaya Inuwa da mijinta sun zo ɗaukarsa. Suka fito da shi a hankali. Ya tsaya a ƙofar zaure yana juya kai, yana neman inda nake.

"Haruna, ka tafi ne?"

"Ina nan, Yaya."

"An yi tuwon dawa a gida. Miyar kuka ce, daddawar dai ta kasuwa ce, sai haƙuri."

Na sallami mai achaɓan, na ce masa yau a garin zan kwana.